Darasi na Bakwai: Zaman Unguwa a Garin Jami'a

Wannan darasi na mutanen da ke zaune a garin da babbar makaranta ta kafu ne, inda ɗalibai da ma'aikata daga sassa daban-daban suke kama haya a cikin gidajen jama'a. Samaru ta Zariya za mu ɗauka misali. Amma wanda ke zaune kusa da Jami'ar Bayero a Kano, ko a Dundaye ta Sakkwato, zai ga unguwarsu a cikin bayanin. Abin da ake so shi ne, in an gama darasin, mai karatu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ruwa ko wuta ko kwata suka sami matsala, ya iya raba kuɗin wuta ba tare da rigima ba, ya kuma iya rubuta takardar koke da hannunsa.

Yadda garin ya cika

Zariya ta daɗe tana saukar masu neman ilimi. Tun kafin zuwan Turawa almajirai ke tahowa unguwannin malamai irin su Juma da Kona, su sauka a zaurukan mutane, su yi shekaru suna karatun nahawu da fiƙihu. Boko ta zo ta tarar da wannan al'ada. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru. Kwalejin Barewa ta ƙaura zuwa Zariya a 1949. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, bayan shekara biyu kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ga makarantar horon malamai ta tarayya, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitin koyarwa a Shika.

Ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar dukkan ɗalibanta. Waɗanda ba su samu ba sai su tsallaka titin Sakkwato, su bazu a Samaru da Hayin Dogo da Danraka da Zango da Palladan. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya sai a yanyanka shi, a ƙara ɗakuna a tsakar gida, har wurin da ake ɗaure awaki a da ya zama ɗaki. Mutane sun ninka, amma masai yana nan ɗaya, rijiya ɗaya, wayar wuta ɗaya, kwatar ƙofar gida kuma ba ta ƙara faɗi ba. Yawancin rigingimun da ake kai wa mai unguwa daga nan suke tasowa. Ba lallai ne wani ya kasance mugu ba, kayan ne suka yi wa jama'a kaɗan.

Wanda yake ganin ɗalibai takura ce kawai, ya tuna 2022. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Kafin nan ma an yi na 2020, wanda ya kai wata tara. Mai shayi, mai wanki da guga, mai buga takardu, ɗan acaba, matar da ke tuyar awara a bakin layi, mai gidan da ke jiran kuɗin haya ya aurar da 'ya, duk sun ji a jikinsu.

Ana cewa baƙo raɓa ne. Ga ɗalibi ɗaya maganar gaskiya ce, shekara huɗu ko biyar zai yi ya tafi. Amma ɗakin da ya bari ba ya kwana biyu wani ya shiga. Saboda haka ɗalibai a garin jami'a mazauna ne na dindindin, fuskokinsu ne kawai ke sauyawa. Unguwar da ba ta sa su cikin lissafinta na ruwa da shara da tsaro ba, ta bar babban kaso na mutanenta a waje.

Aikin wane ne?

Wahalar da mutane ke sha wajen kai koke, da yawanta ta rashin sanin mai alhakin abu ce. Mutum ya kwashi ƙafa ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma kan maganar taransifoma, a ce masa ba nan ba ne, ya dawo yana cewa hukuma ba ta aiki.

Abu na farko, ka san ƙaramar hukumarka. Abin da baƙo ke kira Zariya ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Birni da Tudun Wada da Kongo suna cikin Ƙaramar Hukumar Zariya. Samaru da Palladan da Basawa suna cikin Sabon Gari. Shika kuwa, inda asibitin koyarwa yake, a ƙasar Giwa take. Ɗalibi zai iya kwana a wata ƙaramar hukuma, ya yi karatu a wata, a kwantar da shi asibiti a ta uku.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da bayan gida na jama'a, kwashe shara, gyaran layuka da magudanan ruwa, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci. Haka kuma tana da hannu a makarantun firamare, da ƙananan asibitoci, da irin wannan aji namu na yaƙi da jahilci. Kansilan mazaɓarka shi ne wakilinka a can. Ya kamata kowane baligi ya san sunansa da inda ake samunsa, ba sai lokacin zaɓe ba.

Jiha kuma tana da nata hukumomin. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jihar Kaduna ne. KEPA ke kula da muhalli. Wanda zai yi gini ko ya ƙara bene, izinin KASUPDA zai nema. Takardun fili a KADGIS ake yinsu. Babban titin da ya ratsa Samaru ya nufi Funtuwa da Sakkwato na gwamnatin tarayya ne. Takardar haihuwar yaro kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ana kuma samun jami'anta a asibitoci da sakatariya. Rarraba wuta ba aikin gwamnati ba ne yanzu, ko da yake har gobe yara na ihun NEPA idan an kawo. Kamfanin Kaduna Electric ke rarraba ta a jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi.

Sai kuma sarauta. Mai unguwa ba ya da kasafin kuɗi, ba ya da motar shara, amma shi ya san gidan kowa, kuma takardar da ta bi ta hannunsa zuwa ga dagaci da hakimi ta fi nauyi a kan wadda mutum ɗaya ya kai. Jami'a ma tana da ofishin kula da harkokin ɗalibai da sashen tsaro. Idan ɗalibi ya addabi unguwa, ko an cuce shi a unguwa, nan ma ƙofa ce, mutane da yawa ba su san da ita ba.

Ruwa, masai da kwata

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne ake rasa rai.

An yi babban aikin ruwan Zariya, da madatsa a kan kogin Galma da matatar da aka tsara za ta tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka gidaje da yawa a kewayen jami'a da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Inda famfo ke zuwa, abu biyu ke wuyan mai gida: ya biya kuɗin ruwa, ya kuma kai rahoto idan bututu ya fashe. Fasasshen bututu ba asarar ruwa kaɗai yake jawowa ba. Idan an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, ƙazantar da ke kewaye da shi tana shiga ta wurin fashewar, ranar da aka dawo da ruwa sai ta biyo shi zuwa randunan mutane. Shi ya sa bututun da aka bi da shi ta cikin kwata yake da hatsari, komai kyan ruwan a ido.

Rijiya kuma maganarta tazara ce. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, kuma rijiyar ta kasance ta wajen tudu. A filin da bai wuce ƙafa hamsin da ɗari ba, wannan tazara da ƙyar take samuwa cikin gida ɗaya. Kai ka nisanta rijiyarka da masanka, amma ta jingina da katangar maƙwabci, shi kuma bayan katangar nan ya haƙa nasa masai. Ƙasa ba ta san iyakar fili ba. Saboda haka kafin a sa diga a haƙa ko ɗaya, a leƙa gidan maƙwabci a tambaya. Wannan tambaya ta minti biyar ta fi duk wani magani arha. Inda aikin gama ya gama, rijiya da masai sun riga sun kusanci juna, to ruwan ya zama na wanki da wanka, na sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalbar. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, guga kuma a rataye shi, kada a bar shi a ƙasa.

Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasar Zazzau, masai kan cika ya tumbatsa, kwata ta toshe ta shigo gidaje. Lokacin ne amai da gudawa ke ɓulla. Wanda ya kamu, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, kuma kwalara tana iya yin haka cikin sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ana shirin tafiya asibiti. Idan babu na sacet, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. Ɗalibin da ke ɗaki shi kaɗai ya fi kowa shiga hatsari a nan, domin ba uwa ba mata da za su lura. Idan ƙofar ɗan haya ta wuni a rufe, takalmansa na waje, ba a ji motsinsa ba, a ƙwanƙwasa. Ba shisshigi ba ne.

Kwata kuwa, kowa ya san ta ƙofar gidansa, kaɗan ne suka taɓa bin ta su ga inda ta ƙare. Ruwan da ke fita daga layukan Samaru gangarawa yake yi, wani sashe nasa ya faɗa rafin da ke shiga kogin Kubanni, a kan Kubanni kuwa jami'a ta yi madatsar da take tace ruwan sha tun shekarun 1970. Wato ledar da aka jefa a lambatu da baƙin man da bakanike ya zubar suna nufar ruwan da ɗaliban nan za su sha, da 'ya'yan unguwa da ke aiki ko karatu a ciki. Katangar jami'a tana tare mutum, ba ta tare ruwa.

Dattawa suna yawan tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'i zai shiga gida ya buɗe randa, in ya ga tsutsa a ci tara. Har yanzu akwai jami'an tsabtar muhalli a ƙananan hukumomi, sai dai ba su da yawan da za su bi gida gida. Abin da ya rage a hannun unguwa shi ne aikin gayya. A yashe kwata kafin ruwan farko, cikin Afrilu, kuma a fara daga gangare a hauro, don ruwa ya sami hanyar fita. Abin da aka yaso a kwashe shi a ranar. Sau nawa muka ga an tara baƙin taɓo a bakin lambatu, an tafi an bar shi, ruwan dare ya mai da shi inda ya fito? Sauro kuma daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma yake ɗauka, don haka tsohuwar taya ko gwangwanin da ya riƙe ruwa mako guda ya isa ya ba layi duka zazzaɓi.

Shara ba ta buƙatar dogon bayani. A ware robobi da ƙarafa da gwangwani, 'yan bola jari za su saya ko su ɗauka. Sauran a kai inda hukuma ta ware. Yaron da aka aika da kwandon shara ba tare da an faɗa masa inda zai kai ba, kwata mafi kusa zai juye. Ƙona leda a tsakiyar gidaje kuwa cutar da masu asma da jarirai ne. A ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke kwashe kaya, shara kan ninka, ya kamata mai gida ya yi shirinta tun kafin ranar.

Wuta

Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana. Rukunin A sa'a 20 ne zuwa sama, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. Kuɗin kowane rukuni daban ne, na A ya fi tsada nesa. Ana ganin rukunin gida a jikin rasit ɗin kati ko takardar bil. Wanda ake caja kuɗin wani rukuni alhali wutar da yake samu ba ta kai ba, yana da hujjar koke, amma sai ya rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa na wasu makonni, domin baki kawai ba ya zama shaida.

Koken wuta matakai gare shi. Ana fara kai shi a rubuce ofishin kamfani, a karɓi shaidar an kai. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na hukumar NERC, wadda ke sa ido a kan kamfanonin wuta. Hukumar ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi aikin kamfani ne, ba na jama'a ba. Mun san abin da ke faruwa a zahiri: unguwa ta gaji da duhu, a yi karo-karo. Idan har za a yi, to a yi shi da yarjejeniya a rubuce da kamfanin, a kuma riƙe rasit. Kuɗin da aka danƙa wa wani a bakin turke ba shi da uwa ba shi da uba.

Babbar rigimar gidan haya ita ce mita ɗaya, ɗakuna da yawa. Galibi raba daidai ake yi, kowane ɗaki kaso ɗaya. Ga dalilin da ya sa hakan ke jawo faɗa. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi sa'a 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Hitar dafa ruwa mai wat 1,000 sa'a ɗaya tak take cin wannan yunit. Dutsen guga da murhun lantarki ma haka suke, ko fiye. Ashe tsohuwar da ke da ƙwai biyu da fanka, idan aka raba daidai, ita ke biya wa mai dafa wake a murhun lantarki.

Hanya mafi kyau ita ce kowane ɗaki ya sami ƙaramar mitarsa. Inda ba hali, a yi rabon maki. A zauna a amince, misali ƙwai maki 1, fanka 2, talabijin 2, firji 4, dutsen guga 4, hita ko murhu 6. A ce gidan yana sayen katin Naira 30,000 a wata, makin gidan duka kuma ya kama 60. An raba 30,000 gida 60, kowane maki ya zama Naira 500. Mai ƙwai biyu da fanka makinta 4, za ta biya 2,000. Mai maki 16 zai biya 8,000. Lissafin ba ya fita daidai da abin da kowa ya ci, amma ya fi kusa da adalci, kuma an yi shi a gaban kowa.

Abu biyu game da wuta ba su da sassauci. Satar wuta ta bayan mita laifi ne a doka, kuma ita ce ke ɗora wa taransifoma nauyin da ya fi ƙarfinsa har ya ƙone, layi duka ya shiga duhu. Na biyu janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Ba a kunna shi a ɗaki, ko a baranda rufaffiya, ko a ƙarƙashin tagar wani, ko da tsoron ɓarawo ne ya sa. Da hunturu kuma a kula da hita. An ɗauke wuta tana cikin bokiti, an manta ba a zare ba, an tafi lacca, aka dawo da wuta: gobara da yawa haka take farawa. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, kiranta kyauta ne. Amma motar kwana-kwana ba ta shiga layin da aka cinye da shaguna da barandu, wannan kuma tun ranar gini ake yanke shi.

Mai gida da ɗan haya

A karanta wannan hira, mutum biyu su ɗauki murya ɗaya ɗaya.

"Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa. Na kawo cikon kuɗin ɗakin."

"Amin, alaikumus salam. Zauna, ɗana. Kafin in karɓa, bari mu yi magana, don kada gobe a ce ba a faɗa ba. Ƙarfe goma sha ɗaya nake rufe ƙofar gida."

"Baba, lokacin jarrabawa mukan kai ɗaya na dare a aji."

"To, wannan uzuri ne. Zan yanka maka makulli, amma kai kaɗai, ba a ba aboki. Baƙi kuma a zaure ake ganinsu, akwai iyali a ciki."

"Na yarda. Ni ma ina da roƙo. A rubuta lambar da mita ta nuna yau, da ranar da kuɗina zai ƙare. Kuma idan aka tafi yajin aiki fa, ya za a yi da watannin da ba na nan?"

"Ka yi tambaya. Kira mini yayanka ya kawo takarda da biro, mu rubuta a gaban shaidu."

Ku lura, ba wanda ya ci mutuncin wani, kuma kowa ya faɗi abin da ke ransa kafin kuɗi ya shiga hannu. Mu Hausawa muna jin nauyin rubuta yarjejeniya, kamar rashin yarda ne. Amma kunyar ranar shiga ita ke zama shari'ar ranar fita. Takardar ta ƙunshi kuɗi da wa'adi, wanda zai gyara rufi ko famfo in sun lalace, yadda za a raba kuɗin wuta da na kwashe masai, yawan mutanen da za su kwana a ɗakin, da abin da za a yi in makaranta ta rufe. Kowa ya riƙe kwafi, kowane biya kuma a ba da rasit.

Mai gida ya sani cewa doka ba ta ba shi ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi ba. Cire ƙofa, yaye kwano, watsa kaya waje ko ƙara kwaɗo a kan na mai ɗaki duk suna iya juyewa su zama ƙara a kansa. Ana ba da notis a rubuce. Inda ba a yi wata yarjejeniya ba, abin da aka saba a dokokin haya shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata wata, wata shida ga mai biyan shekara. In ya ƙi tashi, kotu ce ke fitar da shi. Shi kuma ɗalibi ya sani cewa ɗakin da ya kama shi kaɗai, ya tara mutum biyar a ciki, ya ci amanar masai da rijiyar gidan. Kiɗa da tsakar dare ma haka. Wannan magana kuma ba ta tsaya kan ɗalibai ba: mai biki da ya toshe layi da rumfa ba sanarwa, da mai injin markaɗe da ke tayar da shi da asuba a jikin bangon wani, da wurin ibadar da ya juya lasifika cikin tagogin mutane har dare ya raba, duk ma'auni ɗaya ne.

Garin jami'a yana tara Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Bajju, har da 'yan ƙasashen waje. Malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan wanda kuka haɗa addini ko yare ba. Yarinyar da ta zo daga Kudu ba ta san cewa ba a ratsa majalisar dattawa ba gaisuwa, ko cewa namiji ba ya faɗa wa gidan matan aure kai tsaye. Rashin sani ne, kuma matar gida za ta iya gyara shi da magana ɗaya cikin raha. Wanda aka bari sai ya yi kuskure sannan aka taru a kansa, an zalunce shi.

Game da tsaro, mai gida ya rubuta cikakken sunan ɗan haya, da sashen da yake karatu, da lambar wani nasa, ya ga katin shaidarsa na makaranta, ya kuma gabatar da shi ga mai unguwa. Kuɗin 'yan sintiri kowa ya biya, har ɗalibai, in ya so a gayyace su taron da ake yanke kuɗin. Idan an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. A Oktoban 2012, a garin Aluu da ke kusa da Jami'ar Fatakwal, jama'a suka kashe ɗalibai huɗu a kan ihun ɓarawo, daga baya kotu ta yanke wa wasu daga cikin waɗanda suka aikata hukuncin kisa. Baƙon da ba a san fuskarsa ba shi ya fi saurin faɗawa irin wannan, garin jami'a kuwa kullum cike yake da sababbin fuskoki.

Rubuta takardar koke

Takarda gajera ta fi aiki. Ta faɗi abin da ya faru, da wurin, da tun yaushe, da abin da ake roƙo. Ba zagi, ba dogon kirari. Ga samfuri, a cike guraben:

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya da Tsabtar Muhalli,
Ƙaramar Hukumar ..........
Ta hannun Mai Unguwar ..........

Ranka ya daɗe,
Mu mazauna layin .......... muna sanar da kai cewa babbar kwatar da ta bi ta bayan .......... ta toshe tun ranar .......... Ruwa yana shiga gidaje .........., kuma akwai rijiyoyi .......... a kusa. Mun yi aikin gayya mun yashe abin da za mu iya, amma kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ya rufta, ya fi ƙarfinmu. Muna roƙon a turo jami'i ya duba kafin ruwa ya sauka.
Mun gode.
Sunaye, sa hannu da lambobin waya: ..........
Kwanan wata: ..........

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida a adana. Bayan mako biyu a koma da shi a hannu.

Tambayoyi da aiki

1. A wace ƙaramar hukuma da wace mazaɓa gidanka yake? Rubuta sunan kansilanku da na mai unguwarku.

2. Me ya sa bututun da ya fashe a cikin kwata yake da hatsari ko bayan an ɗauke ruwa?

3. Wani gida yana sayen katin Naira 24,000 a wata, makin gidan duka 48 ne. Nawa mai ƙwai biyu da fanka ɗaya da dutsen guga zai biya, bisa makin da aka bayar a darasin?

4. Ku kasu biyu a aji, wasu masu gida, wasu 'yan haya. Ku tattauna: idan yajin aiki ya rufe makaranta wata shida, kayan ɗalibi na cikin ɗaki, wa ya kamata ya ɗauki asarar? Ku rubuta abin da kuka daidaita a kai cikin jimla uku.

5. Aikin gida: auna da taku tazarar da ke tsakanin rijiyar da kuke sha da masai mafi kusa, ko da na maƙwabci ne. Sannan ka bi kwatar ƙofar gidanku da ƙafa har inda ta ƙare, ka zana hanyarta a takarda, ka sa alama a duk inda ta toshe. A zo da zanen aji mako mai zuwa, za mu haɗa su mu fitar da taswirar unguwa.